Titin da Ya Hana Tsayawa a Shagon Baba

Shagon mahaifina yana bakin babban titin da ya ratsa tsakiyar Daura, kuma tun kafin a haife ni yake wurin. Kayan ɗaki yake sayarwa: katifu, ledar tsakar ɗaki, kuloli, samiru, tukwane, duk abin da uwa za ta nema idan za ta kai 'yarta ɗaki. Ba shi da faɗi sosai amma yana da zurfi, idan mutum ya shiga can ƙurya sai warin sabuwar leda ya cika masa hanci. Ni ce babbar 'yarsa, kuma sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa har na yi aure na haihu bai taɓa kirana da wani suna ba sai Uwata.

Yawancin masu sayen kayansa ba 'yan cikin gari ba ne. Mutanen karkara ne, daga wajen Mai'aduwa da Kwangwalam da Mashi, har da na tsallaken iyaka. Da kaka ta yi, aka sayar da gero da wake, sai ka gan su a kan babura, miji a gaba mata a baya, su tsaya daidai ƙofar shago. A shimfiɗa wa matar tabarma ta yi ta juya kwanuka tana ƙwanƙwasawa, mijin kuma ya zauna a benci su yi ta hirar damina da Baba. Idan an daidaita, a naɗe katifa a ɗaure ta a bayan babur, a cusa kwanuka cikin buhu a rataya. Kayan Baba ba irin wanda ake sawa a aljihu ba ne. Sai da abin hawa a ƙofa.

Bencin nan ma ba na masu saye kaɗai ba ne. Bayan la'asar abokan Baba sukan taru, kowa ya jingine babur ɗinsa a gindin darbejiyar da ke gaban shagon. A nan ake jin wanda ya haihu da wanda ya kwanta asibiti. Duk ɗan ƙauyen da ya shigo gari da saƙo, a nan yake fara saukewa.

Ba zan ɓoye ba, titin nan ya zame wa mutane azaba. Ranar kasuwa motoci a hagu, babura a dama, ga masu baro, ga masu kurkura, babur mai ƙafa uku na dakon kaya, suna sauke kaya a tsakiyar hanya. Ina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti, kuma na sha karɓar mai naƙuda da ta galabaita, mijinta yana rantsuwa cewa tafiyar da suka yi daga ƙauye ba ta kai daɗewar da suka yi a tsakiyar gari ba. Don haka da aka zo aka sake kwaltar titin, aka gina siminti ya raba shi biyu, aka kafa alluna cewa an hana ajiye mota ko babur a bakinsa, babu wanda ya yi baƙin ciki a gidanmu. Baba da kansa ya ce, "Gyara ne. Gari ya girma, dole a yi masa tsari."

Da farko gargaɗi kawai ake yi. Ma'aikatan kula da hanya su zo cikin kakinsu, su ce a matsa, a matsa ɗin, su wuce a dawo. Daga baya aka kawo musu wata mota mai buɗaɗɗen baya, sai abin ya canja. Babur ɗin da aka samu a bakin titi, ɗaukarsa ake yi a jefa a mota, mai shi ya bi sawu ofis ya biya tara. An ware fili don ajiye ababen hawa, gaskiya ne, amma can kusa da tasha. Mai lafiya ma sai ya yi gumi kafin ya iso shagonmu, balle a ce ya koma ɗauke da katifa a ka.

Nakan biya ta shagon idan na tashi daga aiki, in gaishe da Baba kafin in wuce gida. A hankali na fara ganin abin da ke faruwa. Mutumin da ya saba tsayawa sai ya rage gudu, ya ɗaga hannu, ya waiga ko motar ma'aikata na kusa, ya ƙara wuta. Baba ya ɗaga masa hannu shi ma, ya bi shi da kallo har ya ɓace. Abokan majalisa suka fara raguwa. Masu ƙarfin ƙafa suka ci gaba da zuwa na ɗan lokaci, tsofaffin kuwa suka koma zama a ƙofar masallacin unguwarsu. Shi kansa Baba, da ciwon gwiwar da ya daɗe yana fama da shi, sai ya ajiye babur ɗinsa a zauren wani abokinsa ta baya, ya biyo lungu yana dafa bango.

Maƙwabcinsa mai siminti da kwanon rufi shi ya fara tashi. Ya kama shago a bakin gari, ta hanyar Kwangwalam, inda babbar mota za ta tsaya ta yini ba mai ce mata komai. Da ya zo sallama ya ce wa Baba, "Alhaji, ka biyo ni. Wurin nan ya mutu."

Baba ya ce, "Wuri ba ya mutuwa da mutane a cikinsa. Za su sassauta."

Ba su sassauta ba. 'Yan kasuwar layin suka haɗu suka je suka kai kuka, Baba yana cikin dattawan da suka yi magana. Ya dawo ya ba mu labari cewa an karɓe su da mutunci, an ba su ruwa, an saurare su, an ce za a duba. Abin da suka roƙa bai da yawa: a bar mai saye ya tsaya gwargwadon ɗaura kaya. Aka ce idan an buɗe wannan ƙofar, kowa zai ce kaya yake ɗaurawa. Baba ya ce shi bai ga ƙarya a maganar ba, kuma wannan ne ya fi damunsa. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne manyan motocin nan masu baƙin gilashi da sukan tsaya a gaban shagon atamfa da ke tsallake, su daɗe, ma'aikata su wuce ta gefensu kamar ba su gani ba.

Akwai wani abokin Baba da muke kira Baffa, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Manomi ne kuma yana taɓa fataucin shanu, gidansa na wani ƙauye gaba da Mai'aduwa. Dogo ne siriri, mai son tsabta, kullum hularsa a karye tsaf. Duk 'ya'yansa mata a shagon Baba aka yi musu kayan ɗaki, kuma bai taɓa shigowa Daura hannu biyu ba, ko tsarabar wake ko kwalbar man shanu ga Innarmu. A shekarar da nake magana rashin lafiya ta tsare shi a gida tun kafin a gyara titin, don haka bai san abin da ake ciki ba.

Ranar da ya zo ina shagon. Autarsa ce za a aurar bayan ta gama makarantar sakandare, ya zo fuskarsa cike da fara'a. Ya tsayar da babur ɗinsa a gindin darbejiya kamar yadda ya saba tun ina yarinya. Allon hanin yana nan sama da kansa, amma da boko aka rubuta, shi kuwa karatunsa na allo ne. Baba yana can ƙurya yana jawo katifu, ni kuma na durƙusa ina gaishe da Baffa, ina tambayar jiki da mutanen gida. Wallahi ban tuna da babur ɗin ba sai da na ji ƙarar ƙarfe.

Ma'aikata biyu ne suka kama shi, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, suna ɗagawa. Baffa ya zaci ɓarayi ne. Ya yi kukan kura ya riƙe sirdin yana cewa, "Kai! Kai! Lafiya? Nawa ne!" Suka ja, ya ja. Ban ce da gangan aka ture shi ba, ban ga wanda ya sa masa hannu ba. Abin da na gani shi ne babur ya kuɓuce masa, ya yi baya ya faɗi zaune a bakin kwata, hularsa ta gangara cikin ruwan datti. Kafin in kai gare shi mutane sun taru, wasu samari har sun ɗaga wayoyinsu suna ɗauka.

Baba ya fito yana ɗingishi. Ban taɓa jin ya ɗaga murya a bainar jama'a ba sai ranar.

"Baƙona ne! Yanzu ya sauka! Ba ku ga furfurarsa ba?"

Babban cikinsu ya matso. Magidanci ne ɗan unguwarmu, Baba ya san mahaifinsa. Ya rusuna ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Umarni aka ba mu. Idan na sauke wannan, ga mutane suna kallo, gobe ni za a sauke daga aikin. Ni ma iyali gare ni."

"To ka bari in biya a nan, ka bar masa abinsa."

"Ba a karɓa a hanya, Baba. Sai ofis."

Motar ta tafi. Na tsamo hular na matse ta, na rasa yadda zan yi da ita. Baffa ya miƙe da kansa, ya ƙi hannun kowa, yana kakkaɓe rigarsa da ta ɓaci ta baya. Baba ya bar ni a shago, shi da Baffa suka tari a-daidaita suka bi motar.

Sai bayan la'asar Baba ya dawo shi kaɗai. Ya ce an sako babur ɗin, madubi ɗaya a fashe. Ya yi ta roƙon Baffa ya biyo shi gida ya ci abinci ya canja riga, ya ƙi. Wai cewa ya yi, "Alhaji, na aurar da 'ya'ya, na ga jikoki, ban taɓa tsayawa gaban hukuma ba. Yau an kayar mini da hula a tsakiyar Daura yara suna dariya. Bari in je gida." Ko cokali bai saya ba.

Washegari Baba bai buɗe shago don ciniki ba. Da aka idar da sallar asuba, kafin ma'aikata su fito, ya sa aka kawo kurkura, ya zaɓi katifa mafi kyau da leda da kwanuka irin waɗanda ya san matar Baffa tana so, ya shiga gaba kusa da direba suka nufi ƙauyen. Inna ta wanke hular Baffa da na kai gida ta goge ta, ta sa a leda ta ba shi. Duk tsawon abotarsu, ranar ce ta farko da Baba ya taka gidan Baffa. Kullum Baffa ne mai zuwa.

Ya dawo da yamma da zabi biyu a ɗaure da ƙwaryar fura. Ya ce an karɓe shi kamar wani basarake, matan gida sun yi ta guɗa da suka ga kayan, Baffa ya saye su duka ba tare da ya taya ba. Amma da zai rako shi bakin hanya ya riƙe hannunsa ya ce, "Tsakanina da kai babu komai sai alheri. Amma ni da tsakiyar garin nan, an gama." Kuma ya cika maganarsa. Muka je biki ni da Inna, aka yi lafiya. Bayan haka idan yana bukatar wani abu, kasuwar Mai'aduwa yake zuwa.

Daga nan Baba ya fara sanyi. Yakan buɗe shago ya zauna a benci shi kaɗai, carbi a hannu, motoci suna wucewa da gudu a gabansa. Wani lokaci yini guda ba wanda zai shigo sai mai neman canjin murfin kula. Katifun da ke jingine a bakin ƙofa rana ta cinye launin ledarsu. Motar da ke kawo masa kaya daga Kano ta daina biyowa, direban ya ce ba zai kwana a Daura don jiran asuba ba. Na fara zuwa da abin awon jini a jakata, kuma abin da nake gani bai yi mini daɗi ba.

"Baba, jininka ya hau. Me kake sawa a ranka?"

"Babu komai, Uwata. Tsufa ne."

Ƙannena maza suka matsa masa ya koma bakin gari. Har suka samo shago kusa da na mai siminti, suka ɗauke shi a mota ya je ya gani, na bi su. Fili ne fetal, ko'ina ana gini, tirela biyu a tsaye ana sauke kaya. Baba ya shiga shagon ya fito, ya tsaya ya dubi gabas ya dubi yamma. Ya ce, "Wurin yana da kyau. Amma na yara ne. Ni idan na zauna a nan, wa zai san ina nan?" Suka ce mutane za su saba. Ya ce, "Kafin su saba ni na gaji."

Abin da ya yarda da shi kawai shi ne a raba shagon biyu. Aka ja katanga, aka ba wani mai sayar da kayan waya rabin hagu. Shi cinikinsa bai damu da babur ba, masu sayensa da ƙafa suke zuwa su sa abin da suka saya a aljihu. Kullum gabansa cike, kiɗa yana tashi. Yana girmama Baba, yakan rage sautin idan an kira salla, amma babu hirar da ta haɗa su.

Cikin damina ne, wata ranar kasuwa, na biya kamar kullum. Muna zaune ni da Baba a benci, an ɗan yi yayyafi an ɗauke, motar ma'aikata tana tsaye can gaba kaɗan. Sai ga wani mutum a kan babur ɗauke da buhu, ya rage gudu ya matso gefenmu. Na gane shi, ɗan ƙauyen su Baffa ne. Ya dubi motar ma'aikata, ya dubi Baba, bai sauke ƙafa ba. Yana tafiya ya ɗaga murya ya ce, "Alhaji! Sai haƙuri! Mutuminka ya rasu! Har an yi uku!"

Wata mota ta danna masa ham ta baya, ya ƙara wuta.

Baba ya miƙe. "Wa? Wa ya ce?" Ya bi bakin titi yana ɗingishi, yana ɗaga hannu, yana kira, "Tsaya! Malam, tsaya!" Mutumin ya waigo sau ɗaya, ya nuna gaba da hannu alamar zai dawo, ya shige cikin ababen hawa. Na bi Baba na riƙo shi. Ya dube ni ya ce, "Uwata, me kika ji ya ce?"

Na ji sarai. Amma sai na ce, "Mu zauna tukuna, Baba."

Mutumin ya dawo da ƙafa bayan ya kai babur ɗinsa filin tasha, yana haki, ya durƙusa ya yi gaisuwa yadda ya kamata. Ya ce ciwon ne ya tashi wa Baffa cikin dare ɗaya, kafin a nemo mota rai ya yi halinsa. 'Ya'yansa sun nemi lambar Baba a wayar marigayin ba su gane ta ba, don shi ba ya ajiye suna, da ka yake riƙewa. Sun ba mutum biyu saƙo masu shigowa gari, kowanne ya zo ya ga ba wurin tsayawa, ya ce sai ya dawo. Baba yana ta salati a hankali. Sai da mutumin ya tafi ya ce, ba da ni yake ba, "A kan babur. Kamar mai tallan kifi."

Muka je ta'aziyya washegari. Baba ya roƙi a kai shi kabarin, ya daɗe a tsaye, ƙannena suna jiransa a inuwa. A hanyar dawowa ya ce musu su nemi wanda zai karɓi ragowar shagon.

Mai kayan waya ne ya karɓa, ya rushe katangar ya haɗe. Sauran kayan Baba wani ɗan kasuwa daga bakin gari ya kwashe su a dunƙule, abin da bai so ba Inna ta raba wa dangi. Da sassafe aka yi kwasar, garin bai gama wayewa ba, don haka cikin maƙwabtan da suka yi shekaru tare da shi babu wanda ya ga fitarsa balle a yi sallama.

Yanzu yana gida. Jinin ya ɗan sauka, gwiwar tana nan. Masu naƙuda suna isowa asibitinmu a kan lokaci fiye da da, wannan na gani da idona, kuma idan abokan aikina suna yabon titin ba na musa musu. Sai dai ba na sa baki.

Kwanakin baya ƙanena ya ɗauke mu a motarsa za mu gaishe da wata gwaggonmu da ba ta da lafiya, Baba a gaba ni a baya. Hanyar ta bi da mu ta tsakiyar gari. Ƙanena, da bai cika lura ba, yana ta cewa a da wurin nan sai mutum ya yi zufa kafin ya fita, yanzu kuwa dubi. Da muka doso layin, Baba ya gyara zama ya ce, "Rage gudu."

Ya rage. An yi wa shagon fenti shuɗi, an sa ƙofar gilashi, samari sun cika gabansa.

"Baba, ba a tsayawa a nan fa."

"Na sani," in ji shi. "Wuce."